YADDA A KE CIRE FULAWIL IN YA MAƘALE A INJIN TSOHUWAR TARAKTA

Jama'a manoma, maganarmu ta wannan mako a kan wani aiki ce wanda ya kan zama ajalin tsofaffin taraktoci da yawa, watau cire fulawil wanda tsatsa ta kama. Sau da yawa injin da ya yi shekara hamsin ko sittin yana aiki ba tsufa ke kashe shi ba. Mai gaggawa ne ya kan zo da guduma, ya fasa cikin minti biyar abin da ba za a sami madadinsa ba ko an yi wata shida ana nema. Saboda haka mai tarakta, da mai sayenta don ya sayar, da akawun da a ke kawo wa takardar kuɗin gyara, duk ya kamata su san yadda aikin ya ke, ko da ba su ne za su riƙe sifana ba.

MENE NE FULAWIL?

Fulawil shi ne babban faifan ƙarfen nan mai nauyi da ke ɗaure a ƙarshen karanshaf. Amfaninsa kuwa ga shi. A yawancin injuna, fistan ya kan yi tafiya huɗu kafin aikinsa ya zagayo: ya shaƙi iska, ya matse ta, wuta ta tashi ta tura shi, sa'an nan ya fitad da hayaƙi. Cikin huɗun nan tafiya ɗaya ce kaɗai ta ke ba da ƙarfi, sauran ukun ci su ke yi. To, fulawil shi ne rumbu. Ya kan tara ƙarfin tafiya ɗayan nan cikin nauyinsa, ya riƙa ciyad da sauran ukun har wuta ta sake tashi. Shi ya sa inji mai silinda ɗaya ko biyu ya ke bukatar fulawil ƙato, mai silinda huɗu kuwa nasa bai kai haka ba.

Ban da wannan, a yawancin taraktoci a fuskarsa kuloci ya ke kamawa, a bakinsa kuma akwai zoben haƙora wanda sitata ke ciza ta tayad da inji. A waɗansu injuna har akwai alamu da aka zana a jikinsa, waɗanda da su a ke daidaita lokacin tashin wuta.

Abin da ya fi muhimmanci a sani shi ne, fulawil na tsofaffin injuna ƙarfen zubi ne. Ƙarfen zubi yana jure matsi, amma ba ya lanƙwasa. Halinsa halin tukunyar ƙasa ne: ta ɗauki nauyin ruwa shekara da shekaru, amma dutse ɗaya ya ishe ta.

IRIN TARAKTOCIN DA MU KE NUFI

A Ingila an ƙera 'yar ƙaramar Ferguson mai ruwan toka, wadda a ke kira TE20, a garin Coventry daga 1946 zuwa 1956, har aka yi fiye da dubu 500. Sabuwar Fordson Major ta fito daga Dagenham a 1952, Massey Ferguson 135 kuma ta biyo baya a 1964. Duk waɗannan fulawil ɗinsu a ɓoye ya ke, tsakanin inji da giyabos. Akwai kuma masu fulawil a waje, inda kowa ke ganinsa yana juyi, kamar Lanz Bulldog ta Jamus wadda aka fara a 1921, da Field Marshall ta Ingila mai silinda ɗaya tak, daga 1945 zuwa 1957, da John Deere ta Amurka mai silinda biyu, wadda aka daina ƙera irinta a 1960.

A ƙasarmu an gwada babban noma da tarakta a Mokwa daga 1949 zuwa 1954, daga baya kuma aka yi zamanin da a ke haɗa Steyr a Bauchi da Fiat a Kano. Amma injin da mutumin ƙauye ya fi sani da fulawil a waje shi ne injin niƙa irin na Lister, wanda aka yi ta ƙerawa a Ingila har 1987, da 'yan'uwansa na Indiya masu kama da shi. Duk abin da za mu faɗa a nan ya shafe shi.

ME YA SA A KE CIRE SHI?

Ba a taɓa fulawil don nishaɗi. Dalilan da su kan tilasta su ne: baƙin mai ya riƙa yoyo ta bayan karanshaf yana jiƙa kuloci, ko fuskar fulawil ta ƙone ta yi kunya-kunya har ta bukaci a kai ta a goge, ko haƙoran zoben sun cinye sitata tana ta ƙara ba ta kamawa, ko kuwa za a fitad da karanshaf ɗin kansa. In babu ɗaya daga cikin waɗannan, a bar shi inda ya ke. A bar kaza cikin gashinta.

Lokacin aikin kuwa rani ne. Wanda ya bari sai hadari ya haɗu a gabas kana ya tuna da tarakta, gaggawa za ta sa ya ɗauki guduma, daga nan kuwa sai asara.

DALILIN MAƘALEWA

Abu uku ke riƙe fulawil. Na farko tsatsa. In ƙarfe ya yi tsatsa kumbura ya ke yi, gama tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki biyu ko fiye. Tsakanin karanshaf da ramin fulawil kuwa ko gashi ba ya wucewa, saboda haka in tsatsa ta shiga sai ta cika wurin ta ɗaure su tamkar abu guda. Na biyu, tsohon mai da ƙura da fenti waɗanda suka bushe a kan karanshaf. Na uku, aikin wani makaniki na da, wanda ya bugi kan karanshaf har ya baje kamar kan turken da aka sha kafawa. Ramin da ya shiga ta siririn kai ba zai fita ta bajajjen kai ba, sai an goge bajewar da magagari.

A FARA SANIN IRIN ƊAURIN

Kafin a sa hannu, lalle ne a san yadda aka ɗaure shi, domin dabarar da ke kwance wani ita ce ke ƙara tsuke wani. Ɗaurin iri huɗu ne.

Na ɗaya, mai ƙusoshi. Ƙarshen karanshaf yana da fai-fai, an ɗora fulawil a kansa an ɗaure da ƙusoshi masu zare. Irin na Ferguson da Fordson ke nan.

Na biyu, mai tsini. Kan karanshaf yana tsukewa kaɗan kaɗan, ramin fulawil ma haka, da ɗan ki a tsakani, da babban noti a baki. Kamar ruwan gatari ne da ƙotarsa, gwargwadon matsi gwargwadon kamu.

Na uku, mai ki mai kai. Karanshaf miƙaƙƙe ne, sai an kafa wani dogon ƙarfe mai kai kamar weji cikin tsagin da ke tsakaninsa da fulawil. Wannan shi ne na Lister da sauran injunan niƙa irinsa.

Na huɗu, mai haƙora. Kan karanshaf yana da tsage-tsage a tsaye, cibiyar fulawil kuma a tsage ta ke, da ƙusoshi biyu masu matse ta. John Deere A da B haka su ke.

SHIRI KAFIN AIKI

A kai tarakta wuri mai daɗe ko ƙasa mai tauri, ba rairayi ba. A cire wayar batir. A tsiyaye man tanki a kai shi nesa, domin watakila za a bukaci wuta. A sa weji gaba da bayan manyan tayoyi. A tanadi guntayen katako masu kauri, da jak, da igiya ko sarƙa mai ƙarfi, da wurin ratayawa wanda aka tabbata zai ɗauki nauyi. Kada a dogara ga jak shi kaɗai, kada kuma a tokare da bulo na siminti, gama ya kan fashe ba sallama.

Sa'an nan a wanke wurin da kananzir, a kankare fenti da tsatsa, a goge duk abin da ya fito na karanshaf da samfefa har ya yi ƙyalli. Mutane da yawa su kan raina wannan, alhali kuwa rabin aikin ke nan. Bayan haka a ɗauki ƙusa mai tsini a buga 'yar alama a jikin fulawil, a buga wata daidai da ita a kan karanshaf, don a mayad da shi yadda aka same shi. Alli ba ya isa, gama hannu mai mai zai shafe shi.

Daga nan sai jiƙo. Akwai man sassauta tsatsa na gwangwani a kasuwa, in babu shi a gauraya kananzir da ɗan baƙin mai. A zuba safe da yamma a mahaɗar ƙarfen biyu, a riƙa ɗan ƙwanƙwasa cibiya da ƙaramar hama don girgizar ta buɗe wa mai hanya. Kwana uku ba su yi yawa ba, wanda ya shekara goma a ƙarƙashin bishiya kuwa ko mako biyu ya ci bai yi laifi ba. Sannu ba ta hana zuwa.

MAI ƘUSOSHI: RABA TARAKTA BIYU

Ferguson da irinta ba su da wani gado na ƙarfe da inji ke zaune a kai. Inji da giyabos su ne ƙashin bayan tarakta, saboda haka ba a isa ga fulawil sai an raba ta biyu. Haɗarin da ke nan shi ne, gatarin tayoyin gaba a kan ƙusa ɗaya ya ke lilo. Da zarar an raba, inji ya kan kife gefe guda. Maganin wannan, a buga wejin katako dama da hagu tsakanin gatarin da gindin inji kafin a kwance ko ƙusa ɗaya. A tokare giyabos da katako, a tallafi inji da jak mai taya ko a rataye shi, a kwance sitata da sandunan sitiyari da bututun mai da wayoyi, kana a tura rabi ɗaya a hankali a miƙe.

Kuloci zai fara bayyana. A sassauta ƙusoshinsa kaɗan kaɗan, wannan sa'an nan na daura da shi, domin akwai sifirin masu ƙarfi a ciki. A nan akwai gargaɗi. Faifan kuloci na da da wani abu a ke yinsa mai suna asbestos, wanda yanzu aka tabbata ƙurarsa tana jawo mugun ciwon huhu, har da daji, bayan shekaru masu yawa. Kada a hura ƙurar da baki ko da famfo. A jiƙa tsumma a share, a rufe hanci, a kori yara daga wurin.

Ƙusoshin fulawil sau da yawa suna da 'yan faranti da aka lanƙwasa a kansu don kada su kwance. A miƙe su tukuna. A tokare haƙoran zoben don inji ya daina juyawa. In an cire ƙusa biyu masu daura da juna, a nemi dogayen ƙusoshi biyu masu irin zarensu, a yanke musu kai, a ɗaura su a gurbin. Su ne za su riƙe fulawil in ya saki, ya zamo a kansu maimakon ya faɗo a ƙafar mutum. Bayan an cire sauran, a duba ko akwai ramuka masu zare waɗanda babu kome cikinsu. In akwai, maƙera sun yi su ne don a ɗaura ƙusa ta tokari karanshaf ta turo fulawil waje. A ɗaura su bi da bi, rabin juyi nan rabin juyi can. In babu, a sa guntun katako mai tauri a bugi fuskar kusa da baki, dama sa'an nan hagu, sama sa'an nan ƙasa, har ya fara motsi. Kada a cusa ƙarfe a bayansa a yi banƙara da jikin inji.

MAI TSINI: AIKIN MAJAYI

A fara duba zaren babban notin da kyau, gama akwai injunan da notinsu ke kwancewa ta hannun dama. In ya kwance, kada a cire shi ɗungum. A bar shi a kan zare, bakinsa daidai da kan karanshaf, da 'yar tazara tsakaninsa da fulawil. Amfaninsa biyu: yana tsare zare, kuma ran da tsini ya saki, ya kan saki ne gaba ɗaya da ƙara kamar bindiga, notin ne zai hana fulawil tsalle.

Majayi kuwa ƙarfe ne mai kauri da babbar ƙusa a tsakiya. A kan ɗaure shi a ramukan da ke cibiyar fulawil, babbar ƙusar ta tokari kan karanshaf. Kowane mai walda zai iya yinsa da guntun ƙarfe mai kaurin inci ɗaya. Sharaɗin shi ne a ja daga cibiya. Majayi mai ƙugiya wanda ke kama bakin fulawil ba na wannan aiki ba ne, domin ƙarfin zai bi ta hannuwan fulawil ko ta siririn wurinsa, su kuwa ba za su lanƙwasa su yi gargaɗi ba, karyewa za su yi. Ƙusoshin majayi su shiga ramukansu sosai, amma kada su zarce su taɓa abin da ke baya. A sa ɗan ƙarfe tsakanin babbar ƙusa da kan karanshaf don kada ta ɓata shi.

A ɗaure majayi tam, sa'an nan a bugi kan babbar ƙusar sau ɗaya, bugu mai kyau a miƙe. In bai saki ba a ƙara ɗauri kaɗan, a zuba mai, a tafi a bar shi ya kwana a ɗaure. Sau da yawa da safe a kan tarar ya saki da kansa. Abin da ba a so shi ne a yi ta dukan kan karanshaf da guduma, gama kowane bugu yana wucewa ciki ya sauka a kan boris, a gyara waje a ɓata ciki.

MAI KI MAI KAI: A TURA CIKI KAFIN A JA WAJE

Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Ki ɗin nan weji ne, kaurinsa yana ƙaruwa wajen kai da misalin kashi 1 cikin 100 na tsawonsa, kan kuwa yana waje. Wanda ya sa majayi ya ja fulawil waje alhali ki yana ciki, hawa da shi ya ke yi kan kaurin wejin. Gwargwadon ja gwargwadon tsukewa, har cibiya ta tsage. Ki ne ke fara fita, kana fulawil.

Dabarar ita ce a nemi guntun bututun ƙarfe wanda zai shiga kan karanshaf ya zauna a kan cibiya, a yanke masa baki inda kan ki zai wuce. A tabbata akwai 'yar tazara tsakanin fulawil da jikin inji. Wani ya tokare ɗaya ƙarshen karanshaf da gungumen itace mai nauyi don boris kada su sha bugun. Sa'an nan a bugi bututun, fulawil ya matsa ciki ko da kaurin farce ne. Wannan ɗan matsi ya sauke shi daga kan weji. Sai a sa wani siririn wejin ƙarfe tsakanin kan ki da cibiya, a riƙa bugunsa daga gefe a hankali, ana tallafe kan ki daga sama don kada ya lanƙwashe, har ya fito.

In kan ya karye, ba a yanke ƙauna ba. Mai walda zai iya liƙa doguwar ƙusa a abin da ya rage, a zura wani ƙarfe mai nauyi a jikinta a riƙa fizga. In wannan ya faskara, a huda ki ɗin a tsakiyarsa bisa tsawonsa, a fara da siririn abin huji a bi da wanda ya fi shi, har ya zama ɓawo ya rufta. Aikin mai haƙuri ne, gama in hujin ya karkace ya ci karanshaf, ɓarnar ta fi ta farko.

Bayan ki ya fita, a riƙe karanshaf kada ya juya, a zuba mai, a riƙa murɗa fulawil gaba da baya ana jansa, har ya tako waje. Na injin niƙa faɗinsa ya kai kusan inci 24, ba kayan mutum ɗaya ba ne. A rataye shi da igiya tun bai iso baki ba.

MAI HAƘORA

A John Deere ta Amurka, in an sassauta ƙusoshi biyu na cibiya, a kan sa siririn weji cikin tsagin cibiyar a buga kaɗan don ta buɗe baki. Kaɗan ɗin nan shi ne magana, gama wejin da ya wuce kima shi ke raba cibiya biyu. Abin lura kuma, a wannan inji wurin zaman fulawil shi ke ƙayyade yawan wasan karanshaf dama da hagu, wanda bai kamata ya fita daga kashi 5 zuwa 10 cikin 1,000 na inci ba. Saboda haka wajen mayarwa ba a tura shi da ka, sai an auna.

YAUSHE A KE SA WUTA?

In jiƙo da majayi sun kasa, saura zafi. Ƙarfe in ya ji zafi ya kan buɗe. Rami mai faɗin inci 2, in cibiya ta fi karanshaf zafi da digiri 100, zai ƙaru da misalin kashi 2 cikin 1,000 na inci, watau kusan kaurin gashin kai guda. Ga ido ba kome ba ne, amma ya isa ya karya riƙon tsatsa.

Ga sharuɗɗan. A share kananzir sarai, a ajiye bokitin yashi kusa. A ɗaure majayi tukuna, domin a ci moriyar zafin nan da nan. A zagaya da harshen wuta kewaye da cibiya, kada a tsaya wuri ɗaya, kada kuma a haska karanshaf, gama in su biyu suka yi zafi tare, tare za su buɗe, ba a yi kome ba ke nan. In an ɗiga ruwa ya yi tsalle ya ƙafe nan take, zafi ya kusa isa. Kada a bari ƙarfe ya yi ja. Kada kuma a kwara wa ƙarfen zubi mai zafi ruwan sanyi, nan take ya kan tsage. In bai saki ba, a bar shi ya huce da kansa, a zuba mai, gobe a sake. Zafi da sanyi sau uku ko huɗu sun fi wuta mai tsanani sau ɗaya. A sani kuma robar da ke tare mai a bayan fulawil ba za ta tsira ba, a tanadi sabuwa.

In duk wannan bai yi ba, kuma injin irin wanda a ke iya zare karanshaf tare da fulawil ne, a ɗauke su a kai garejin da ke da injin matsi, a tokare cibiya kusa da rami a turo karanshaf. Kuɗin mota zuwa birni bai kai kuɗin yawon neman wani fulawil a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano ba, inda mai nema ya kan samu, ya kan kuma rasa.

BAYAN YA FITA

Kada a yi murna tukuna, sai an bincike shi. A rataye shi a ƙwanƙwasa da ƙaramar hama. Lafiyayye ya kan yi amo mai tsawo, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe ta ke, kamar yadda mata ke gwada tukunya a kasuwa. Akwai kuma tsohuwar dabara: a shafa kananzir a cibiya da gindin hannuwa, a bari ya jiƙa, a goge sarai, a shafa garin alli. Inda tsaga ta ke, kananzir zai fito ya zana baƙin layi a kan farin alli.

Fulawil mai tsaga ya gama aiki. Kada a yarda wani ya ce zai yi masa walda a mayar. Ƙarfin da ke neman tarwatsa shi yana ƙaruwa fiye da gudunsa: in gudu ya ninka biyu, ƙarfin nan ya ninka huɗu. In ya fashe yana juyi, gutsattsarinsa su kan huda bango, balle mutum. Saboda wannan dalili ne kuma ba a taɓa gwamnan inji don a ƙara masa gudu fiye da yadda maƙera suka yanka.

A duba zoben haƙora. Inji mai silinda huɗu wuri biyu ya saba tsayawa, saboda haka wuri biyu haƙoran su kan cinye, sauran kuwa kamar sababbi. In za a sake zobe, a kan yanke tsohon a fasa shi, a ɗumama sabon ko'ina daidai, a ɗora shi da sauri, gefen haƙoran da aka fiƙe yana duban inda sitata ke shigowa. Tun da an riga an buɗe, a sake robar mai da ɗan boris ɗin da ke tsakiyar fulawil. Arha gare su, amma in aka bar tsofaffin, wata rana saboda su kaɗai za a sake raba tarakta.

WAJEN MAYARWA

A goge fuskokin da za su haɗu har ba sauran tsatsa ko ƙwayar yashi, gama ƙwaya ɗaya a bayan fulawil ta isa ta sa shi rawa. A daidaita alamun da aka buga. Mai tsini a bushe a ke mayad da shi, ba giris, domin kamun ƙarfe da ƙarfe shi ke riƙe shi, ki jagora ne kawai. In ki ya ci ko ya lanƙwashe a yi sabo daidai da tsaginsa, kada a cika da guntun gwangwani. A sa sababbin faranti na kulle ƙusoshi, a ɗaure wannan sa'an nan na daura da shi, da sifana mai awo, gwargwadon abin da littafin injin ya faɗa. A juya inji da hannu sau biyu ko uku a ji ko wani abu yana gogawa.

Ran da za a tayar, kowa ya kauce daga saitin bakin fulawil. A bar inji ya yi tafiya a hankali, a kasa kunne. Fulawil da bai ɗauru ba ya kan yi wani bugu mai nauyi, musamman in an rage wuta ko an ƙara. In an ji haka a kashe nan da nan, gama cikin 'yan kwanaki zai cinye tsagin karanshaf. Mai ki da mai tsini a sake duba ɗaurinsu bayan aikin yini guda.

GA 'YAN KASUWA DA AKAWUNA

Mai sayen tsohon inji ya duba cibiyar fulawil da kan karanshaf kafin ya duba fenti. In ya ga tabon guduma, ko bajajjen kai, ko ɗinkin walda, ya san hannun da injin ya bi, ya rage tayi ko ya haƙura. Wanda kuma ya ba makaniki aiki, kada ya tsaya a kansa yana cewa yau ya ke so. In makaniki ya ce a bar shi ya jiƙa kwana biyar, ba lalaci ba ne, wanda ya san aiki ke nan. Wanda za a ji tsoro shi ne mai cewa kafin azahar ya gama, ga guduma a kafaɗa.

Mai niyyar gyara bana ya fara zuba mai tun yau, ko da sai wata mai zuwa za a kwance.